Ko Ayaba Ɗaya Ba Ma Zubarwa

Kwana biyu kacal Dezza Farrugia ya yi a wani kwas na kare muhalli a Brisbane, amma da ya dawo sai ka rantse shi ya harhaɗa duniya da hannunsa, ya kuma san inda take yoyo. Ya sauko daga mota da katin shaida rataye a wuya, da takardar kammalawa cikin firam, da wata gorar ruwa ta ƙarfe wadda ya ce ita kaɗai ta ceci kifi ɗari uku. Har yau katin nan bai bar wuyansa ba. Matarsa ta ce min har wanka yake shiga da shi.

Ni ce Noeline, shekarata ashirin da shida ina sakatariyar Kamfanin Ayabar Rafin Murdo, kuma da hannuna na cike masa takardar zuwa kwas ɗin. Ban yafe wa kaina ba.

Ga abin da ya jawo. Doka ta ce manyan kamfanoni su riƙa fitar da rahoto duk shekara a kan abin da suke yi wa muhalli: hayaƙin da suke fitarwa, ruwan da suke sha, sharar da suke zubarwa. Kamfanin manyan kantunan da ke sayen ayabarmu kaf shi ma doka ta hau kansa, sai ya juyo kanmu. Ya aiko da wasiƙa cewa mu ma mu rubuta namu, odita mai zaman kanta ta zo ta gani da idonta, shugabar kamfani ta sa hannu. In odita ta ƙi sa nata hannun, za su nemi ayaba a wani wuri. Mutum arba'in da ɗaya ke cin abinci a rumfarmu ta shirya ayaba, kuma a garinmu in ka cire rumfar nan, wurin aikin da ya rage gidan mai ne, shi ma mutum biyu yake ɗauka.

Shugabar kamfani ita ce Nunzia, shekararta saba'in da tara, kowa Nonna, wato Kaka, yake ce mata har ɗan sandan gari. Dezza mijin autarta ne. Wannan ne kaɗai dalilin da ya sa mutumin da ya taɓa buga tambarinmu a kife a jikin kwali dubu tara yake da ofis har gobe.

Ranar wata Litinin ƙararrawar shayi ta ƙarfe goma ta kaɗa, injina suka tsaya, kowa ya jawo kofinsa. Dezza ya hau kan wani kwali, kwalin ya lotsa, ya sauka ya hau wani.

"Jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa. Rahoton nan da kuke ta fargaba, na gama shi. Shafi arba'in da huɗu, da hotuna masu launi. Har na tura wa mutanen kanti tun Juma'a."

Nonna ta ajiye kofinta a hankali. "Ka tura. Wa ya karanta kafin ka tura?"

"Ni na karanta, Nonna. Sau biyu. A na biyun har ƙwalla na yi."

"Noeline, karanto mana mu ma mu yi ƙwallar."

Na buɗe. Shafin farko hotonsa ne ya rungume bishiyar ayaba kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwansa da ya ɓata. A ƙarƙashi kuma, da manyan haruffa: KO AYABA ƊAYA BA MA ZUBARWA.

Sai Mele, shugabar masu shirya kwali, ta ƙyalƙyale da dariya har shayi ya sarƙe ta.

Dole ta yi dariya. Kantuna ba sa karɓar ayabar da ta cika lanƙwasa, ba sa karɓar wadda ta cika miƙewa, ba sa son doguwa, ba sa son gajera, in ƙuda ya taka ta ya bar ɗigo ma sun ƙi. Tan shida muke warewa duk mako. Kowace Juma'a Balwinder Gill, direban motar ɗaga kaya, yana loda su a bayan wata tsohuwar tarakta da yake kira Bibi, ya shiga da su cikin gona ya watsar. Yayansa da ke Woolgoolga ne ya sayar masa da taraktar, ya kuma yi masa dariya ya ce ba za ta kai shekara ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan duk Juma'a sai Balwinder ya ɗauki hoton Bibi da lodinta a bakin gona ya tura masa, ba gaisuwa ba komai.

"Dezza, abokina," in ji Balwinder, "tan shidan da nake kwasa fa? A wane shafi ka ɓoye su?"

"Daga yau an daina kwasa. Wannan ai ita ce zubarwar. Aikin mutanen da ne. Kuma taraktar nan taka, tarinta ɗaya ya isa ya narkar da ƙanƙarar duniya. Kawo makullin."

Balwinder ya dube shi, ya dubi Nonna, ya laluba aljihu ya ciro wani makulli ya miƙa masa da hannu biyu. Dezza ya maƙala shi a igiyar wuyansa kusa da kati.

Nonna ta miƙe ta dogara sandarta. "Nan da mako uku odita za ta zo. Ni ban taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ko a katin gaisuwa. Ko ka mayar da maganar nan gaskiya, ko ka mayar min da 'yata."

"Mako uku? Nonna, mako ɗaya ya yi min yawa. A kwas ɗin nan ni na fi kowa ɗaga hannu."

Dabarar farko ita ce a cinye. Ya manna sanarwa a ƙofar banɗaki cewa ma'aikata za su rungumi ayabar da kantuna suka ƙi. Balwinder ya ciro wayarsa ya danna, ya ce, "Kilo ashirin da ɗaya kowa, kowace rana, har da Lahadi. Fara, mu gani."

Dezza ya ci tara a tsaye yana cewa ko a jikinsa. A ta goma ya zauna. A ta goma sha ɗaya ya ce yana da waya mai muhimmanci, ya nufi ƙofar da ya manna sanarwar, ba mu sake ganinsa ba sai bayan abincin rana.

Ba wanda ya ƙi jinin ayaba kamar mutumin garin ayaba. Amma Dezza bai karaya ba, ya ce ai al'umma ma tana da haƙƙi. Ya cika bayan motarsa ya shiga gari. Cikin kwana uku mutanen da tun haihuwarsu ba su taɓa kulle mota ba suka fara kullewa, ba don ɓarawo ba, don kada su fito daga kanti su tarar da kwali biyu a kujerar baya. Ranar Lahadi Fada ya tsaya a gaban coci ya ce duk wanda ya ajiye ayaba a ɗakin ikirari, ya dawo ya yi ikirarin, sannan ya tafi da kayansa. A kulob kuma, inda ake jefa ƙuri'ar tiren nama duk Juma'a, Dezza ya lallaɓa ya musanya tiren da na ayaba. Tsohon da ya ci ƙuri'ar ya rantse ba tikitinsa ba ne.

Litinin da safe na zo buɗe ofis na tarar da kwali sittin da uku jere a bakin ƙofa. Wani ya rubuta a jikin na sama: Mun gode, mun ƙoshi, mun san gidanka.

"Kin gani, Noeline?" in ji Dezza. "Al'umma ta amsa. A kwas wannan shi ake kira tattaunawa."

"A nan gargaɗi muke kiransa."

Dabara ta biyu, a busar. Ya ce a Brisbane ana sayar da busasshiyar ayaba cikin 'yar leda, mutane na rububi. Ya sa aka ɓare tan biyu, aka yayyanka, aka shanya a kan rufin rumfa. A garinmu fa, inda kwaɗi ma kan nemi mafaka in sama ta buɗe. Mele ta ɗaga kai ta dubi hadari, ta dube shi.

"Ɗan'uwa, ka ga abin da ke tahowa ta kan dutse?"

"Na duba a waya, Mele. Waya ta ce rana."

"To ka gaya wa hadarin, ƙila bai duba tasa ba."

Ya shimfiɗa ayabar ne a kan farantan wutar rana, wai don sun fi zafi. Jemagu suka ci rabonsu suka bar godiya a ko'ina. Sannan ruwa ya sauko kwana biyu ba tsayawa. Ayabar ta zama kunu, kunun ya toshe indararo, ya taru, ya yi nauyi, sannan ya zamo gaba ɗaya ya sauka a kan motar Nonna wadda ta bar gilashinta a buɗe. Farantan wuta kuwa sun shafe kamar an yi musu yaɓe, sai da muka kunna janareto kwana huɗu kafin a wanke su. Shekara shida rabon janareton nan da aiki.

Nonna ta tsaya tana kallon kujerar motarta. Ba ta ɗaga murya ba, wanda shi ne abin tsoro a wurinta.

"Desmond." Sai ranta ya ɓaci take kiran Dezza da cikakken sunansa.

"Na'am, Nonna. Abin da ya faru, a kimiyyance…"

"Saura kwana goma sha ɗaya."

A nan ne ya kamata mutum mai hankali ya mayar wa Balwinder makullinsa. Dezza sai ya shiga ofis ya rufe ƙofa, muka ji yana kai da kawo yana magana da takardar firam. Da ya fito idonsa na ƙyalli, na san mun shiga uku.

Akwai wata kasawari da ke zaune a dajin bayan rumfa, Doreen muke ce mata. Tsuntsuwa ce, amma ta fi ni tsayi, ga ƙaho a ka, ga shuɗin wuya, ga farcen nan na ƙafa da ke iya farke kare gida biyu. Shekara da shekaru muna zaman mutunci da ita, ba ta shiga harkarmu, ba ma shiga tata. Ko ɗan firamare a nan ya san ba a ba kasawari abinci. Doka ta hana, hankali ma ya hana, don in ta saba da hannunka, ranar da ba ka ba ta ba kai za ta bi.

"Na samo," in ji Dezza. "Shara ta ƙare, namun daji sun ƙoshi. Shafi biyu na rahoto da dabara ɗaya."

Na ce, "Dezza, laifi ne. Ɗaure mutum ne kawai ba na jin ana yi."

"Ba abinci zan ba ta ba, haɗin gwiwa ne. Doreen mai ruwa da tsaki ce. A kwas an ce mana a jawo masu ruwa da tsaki a jiki."

"Jawo ta a jiki, mu ga abin da zai rage na jikin."

Balwinder ya sake ciro waya. "Kilo biyar take ci a rana in ta ƙure. Kasawari ɗari da saba'in kake buƙata, abokina. Sauran ɗari da sittin da taran, talla za ka buga a jarida?"

"Za ta gaya wa 'yan'uwanta."

Ba ta gaya wa 'yan'uwanta ba, amma wani ya gaya wa aladun daji. Kullum da ƙararrawar shayi ta kaɗa, Dezza zai turo baro cike da ayaba ya juye a bakin daji yana fito. Rana ta farko Doreen ta leƙo ta koma. Rana ta uku ta fito ta haɗiye goma sha biyu da ɓawonsu. Rana ta shida ƙararrawa na kaɗawa tana tsaye tana jira, aladu goma sha tara a bayanta kamar 'yan rakiya. Sauran ayabar da baro ba ya iya ɗauka, Dezza ya tara ta a bayan rumfa, ya lulluɓe da tampol, ya kafa allo mai cewa Cibiyar Sarrafawa. Warin cibiyar yana kaiwa gidan mai in iska ta juya.

Ya ɗauki hoton kansa da baro da Doreen, ya sabunta rahoton, ya ƙara shafi na arba'in da biyar, ya tura wa odita kai tsaye. Wannan ma ba wanda ya karanta.

A gaskiya a makon nan ban yi dariya sosai ba. Ina kallon Mele da matan da ke layinta, kowace da yara a makaranta, ina tunanin yadda zan rubuta musu takardar sallama ɗaya bayan ɗaya. Tsoro nake ji, ga kuma haushin Dezza.

Ranar zuwan odita, na iso na tarar da rabin gari a harabar rumfa. Dezza ya gayyato magajin gari, da Fada, da yarinyar da ke rubuta jaridar mako, da matan coci da teburan kek. Ya ɗaura wani ƙyallen roba mai tsawon mita goma daga rumfa zuwa tankin ruwa, an rubuta maganar nan tasa ta shafin farko. Shi kuwa ya yi hayar rigar ayaba ta soso daga Cairns, irin wadda fuska ce kawai da ƙafafu ke fitowa, hannuwa kuma 'yan guntaye. Kati da makulli suna lilo a kan ɓawon.

Nonna ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shekara ashirin ina tunanin da me ka yi kama. Na gode."

Odita ta iso ƙarfe tara da rabi a wata baƙar mota mai lantarki, tana sheƙi kamar madubi. Madam Oakeshott sunanta, 'yar ƙaramar mace mai tabarau, maganarta ƙasa-ƙasa. Dezza ya tare ta da jawabi. Ta bari ya yi minti biyar, sannan ta buɗe kwamfutar hannunta.

"Mista Farrugia, shafi na tara ya ce al'umma ta karɓi tan huɗu. Ina shaida?"

"Madam, ga al'ummar nan tsaye. Tambaye su."

Al'umma ta dubi ƙasa. Fada ya yi tari.

"Shafi na ashirin ya ce wutarku duka daga rana take. Na ga janareto da sabon baƙin hayaƙi a bango."

"Dumama shi muka yi, don kada ya ji an manta da shi."

"Wancan tampol ɗin fa da ke motsi?"

"Sarrafawa ce ke gudana."

Ta rubuta wani abu. Sannan ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Shafi na arba'in da biyar. Ka san abin da ka rubuta a nan laifi ne? Ka rubuta, ka sa hoto, ka sa kwanan wata. Shekarata goma sha huɗu ina aikin nan, ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarar kansa da hoto mai launi ba."

"Madam, da kin san Doreen da ba ki faɗi haka ba. Ni da ita fahimtar juna muke. In na ce ta zo, ta zo. In na ce ta tafi…"

Ƙararrawar shayi ta kaɗa.

Da kanta take kaɗawa, kuma ni ce ke kashe ta in muna da baƙi. Ranar na manta. Har yau wasu na cewa da gangan na yi, ban taɓa ba su amsa ba.

Doreen ta fito bakin daji, ta duba inda baro yake tsayawa, ba baro. Ta jira kaɗan don tana da tarbiyya. Sannan ta tako cikin haraba, aladu na biye. Ta karkata kai ta dubi taron, sai idonta ya faɗa kan ayaba mafi girma da ta taɓa gani a rayuwarta, tana tsaye da ƙafa biyu tana jawabi.

"Kowa ya tsaya inda yake!" in ji Dezza. "Ta san ni. Doreen, ni ne fa. Dezza ne. Mai baro."

Doreen ta yi gurnanin nan nata da mutum ke ji a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne.

Ayaba ta ranta a na kare. Sai dai rigar ba ta barin taku ya wuce na agwagwa, don haka gudun nasa ya zama tsalle-tsalle, kati na dukan fuskarsa. Aladu suka shige ƙarƙashin teburan kek suka fito da su a bayansu. Magajin gari, wanda ya shekara biyar yana kukan gwiwa, ya haye tsanin tankin ruwa kafin kowa. Fada ya ɗare kan tarin katako yana addu'a da sauri irin wanda bai taɓa yi a coci ba. Ni da Mele da odita muka tsinci kanmu a kan teburin shirya kwali, ban san wa ya ja wa ba.

Doreen ta bi ta tsakiyar ƙyallen roba ta keta shi, ta fito da rabin maganar a wuyanta. Ta yi kwana za ta tari Dezza, sai ta hango wata kasawari a jikin baƙar motar odita tana harararta. Ta tsaya ta ba waccan ƙafa uku masu kyau. Ƙofar mota ta lotsa, waccan kasawarin ta karkace, Doreen ta gamsu ta koma kan ayabarta.

"Inshora za ta biya," in ji Madam Oakeshott a hankali, kamar mai lallashin kanta. "Amma ban san me zan rubuta musu ba."

Dezza ya zagaya kwamin wanke ayaba sau biyu. A na uku numfashi ya ƙare, ya faɗa ciki. Soso ya ɗaga shi sama, ruwan da ke tura ayaba ya tura shi sannu a hankali, yana kwance rigingine yana wutsil-wutsil, har ya iso ƙarshen kwami daidai ƙafar Mele. Shekara goma sha biyar Mele tana tsaye a wurin nan tana tantance abin da ruwa ya kawo. Ta sunkuya ta duba shi, ta manna masa jar takarda a goshi.

"Ya cika lanƙwasa, ga ɗigo. Ba a karɓa."

"Mele, ki jawo ni! Tana zuwa!"

"Ai haɗin gwiwa ne, ɗan'uwa. Ku tattauna."

Mutum ɗaya ce ba ta motsa daga kujerarta ba. Nonna ta buɗe lemarta ta kare gabanta, ta ɗaga murya ta ce, "Balwinder, tada Bibi."

Balwinder yana kan rufin motar ɗaga kaya. "Makulli na wuyan ayaba, Nonna."

"Kada ka raina min hankali. Wancan makullin tsohon banɗaki ne. Ɗauki cokalinka."

Ya yi murmushi, ya diro, ya zaro cokalin shayi daga aljihun gaba, ya ruga inda taraktar take. Tun da ya saye ta ba ta da makulli. Ya zura cokali ya murɗa. Bibi ta yi tari, ta yi shiru, sannan ta saki wata ƙara kamar an harba igwa, injin yanka da ke bayanta ya kama kururuwa. Aladu suka watse, ɗaya da mayafin tebur a ka. Doreen ta tsaya cak, ta dubi tarakta, ta dubi ayabar da ke cikin ruwa, ta karkaɗe ƙyallen daga wuyanta, ta koma daji ba tare da ta yi sauri ba.

Ba wanda ya sauko nan da nan. Madam Oakeshott tana tsaye kusa da ni da takalmi ƙafa ɗaya, ta nuna taraktar da biro.

"Wancan injin na bayanta, na mene ne? Ba ya cikin rahoto."

Balwinder ya kashe Bibi. "Na yanka ne, Madam. Ayabar da kanti ya ƙi, yana daddatsa ta, in bi layi-layi in watsa a gindin bishiyoyi. Ta ruɓe a wurin, ƙasa ta ci, ta riƙe danshi. Zubarwar ke nan da Dezza ya hana."

"Tun yaushe kuke haka?"

"Tun mijina na da gashi," in ji Nonna.

"Ba a kai komai juji?"

"Juji? Kilomita talatin? Wa zai ƙona mai don ya kai wa gwamnati takin gonarsa?"

Odita ta yi tambayarta ta kullum. "Ina shaida?"

Balwinder ya miƙa mata waya. Ta fara ja da yatsa. Bibi da lodi a bakin gona, Bibi da lodi cikin ruwan sama, Bibi da lodi da sabuwar taya, hoto ɗari biyar da saba'in da wani abu, kowanne da ranarsa da wurinsa, duk don a ƙunsa wa wani mutum a Woolgoolga takaici. Ta daɗe tana ja.

"To," ta ce, "maganar shafin farko gaskiya ce. Gaskiya ce shekara goma sha ɗaya cur da nake da shaidarsu a hannu. Mako uku da suka wuce ne ta daina zama gaskiya."

Na zauna a kan teburin. Daɗi ne ya kama ni har na ji hawaye, da kunya kuma, don ni ma shekara ashirin da shida zubarwa nake kiran abin nan. Mele ta rungume ni tana dariya tana share ido.

Daga cikin kwami wata murya ta ce, "Kun gani? Ai na faɗa tun a shafin farko."

A ofishina aka sake rubuta rahoton, ya dawo shafi uku. Madam Oakeshott ta ce za ta sa hannu in an rubuta komai yadda ya faru: kwana huɗun janareto, da batun Doreen wanda dole a sanar da jami'an namun daji, da canza ƙararrawa, da mayar da Cibiyar Sarrafawa gona a bayan Bibi. Dezza ne ya loda ta da shebur, kwana biyu, Balwinder na zaune a inuwa yana ɗaukar hoto.

Abu biyu ne gona ba za ta iya ci ba. Ƙyallen roba ya yage, rigar soso kuma masu haya sun gan ta a jarida sun ce ya riƙe kayansa. Ba sa ruɓewa, ba mai sarrafa su. Ranar Asabar da safe, lokacin da kowa ke kan titi, Dezza ya ɗaure su a bayan motarsa ya nufi juji, ayabar na zaune tana kallon gari. Ya riƙa ɗaga wa mutane hannu. A gidan mai ya gaya musu cewa in ba don shi ba da kamfanin bai san yana da tsari ba, kuma yana tunanin komawa Brisbane, wannan karon a matsayin malami.

Litinin na kai wa Nonna takardar. Ta sa tabarau, ta bi ta layi-layi da yatsa, har ta zo layin ƙarshe ta karanta a fili.

"Abin da kamfani ya kai juji a bana: ƙyallen roba ɗaya, rigar ayaba ɗaya." Ta ɗago ta dube ni. "Da mutumin a ciki?"

"A'a, Nonna. Ya dawo. Yana ofis."

Ta ja dogon numfashi. "To. Gaskiya ce dai. Kawo biro."